Yaro mai sistik faiburosis yana ta susa, kuma ba ƙurji: ina za a duba?

Assalamu alaikum. Yaro ne ɗan shekara uku ko huɗu, yana da cutar sistik faiburosis, ana ba shi magungunansa a kan lokaci, sai ga ƙaiƙayi ya taso masa. Da dare ba barci, yana goga tafin ƙafa a jikin katifa, yana yagar cinya da farce. Uwa ta kunna fitila ta duba shi tas, ba ƙurji ko ɗaya, sai sawun farcensa. An canza sabulun wanka, an canza na wanki, an shafa mai, amma makonni sun wuce abin yana nan. A bidiyon yau za mu bi wuraren da irin wannan ƙaiƙayi yake fitowa, da wanda ya fi cancanta a fara kawar da shakku a kansa.

Cutar kanta ta gado ce. Sai uwa da uba dukansu suna ɗauke da ƙwayar halittar da ta samu matsala, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar, lissafin da kuka sani a sikila. Wata likita a New York, Dorothy Andersen, ita ta fara bayyana cutar dalla-dalla a 1938, kuma a 1989 masu bincike a Kanada da Amurka suka gano ƙwayar halittar, wadda ake kira CFTR. An fi samun cutar a tsakanin Turawa. A Birtaniya, kusan mutum ɗaya cikin 25 yana ɗauke da ƙwayar ba tare da ya yi ciwo ba, kuma a can da Amurka ana gwada jarirai tun kwanakin farko na haihuwa. Baƙar fata ma suna kamuwa, sai dai a ƙasashen da ba a gwajin, yaron yakan daɗe ana yi masa maganin tari da rama ba a kai ga sunan cutar ba.

Aikin CFTR shi ne daidaita shige da ficen gishiri da ruwa a ƙwayoyin jiki. Idan ta gaza, ruwan da ya kamata ya zama tsinkakke sai ya yi kauri. A huhu majina ta daskare. A fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da sinadaran narkar da abinci, hanyoyi su toshe. A hanta ruwan matsarmama ya yi kauri. A fata kuma gumi ya fito da gishiri fiye da kima. Uku daga cikin waɗannan wurare huɗu suna iya jawo ƙaiƙayi, ga kuma magunguna da yaron ke sha kullum.

Mu fara da hanta. Ba ita ce ta fi yawan jawo ƙaiƙayin ba, amma ita ce wadda in an yi sake da ita aka fi yin asara. Hanta tana haɗa ruwan matsarmama, ya bi ta ƙananan hanyoyi ya sauka cikin hanji. Idan ya yi kauri ya kasa wucewa, wasu sinadaransa sai su koma cikin jini, su tayar da jijiyoyin fata. Ƙaiƙayin da ke zuwa ta wannan hanya yana da halinsa. Ba ya zuwa da ƙurji. Yakan fi kama tafin hannu da tafin ƙafa kafin ya bazu, ya fi tsanani da yamma da cikin dare, kuma zafi yana ƙara shi. Susa ba ta kwantar da shi. Piriton da danginsa ba sa yi masa komai, iyaka su sa yaro gyangyaɗi.

Abin da ya sa nake jaddada hanta shi ne ciwonta a wannan cuta yakan fara tun yarinta, galibi kafin shekara goma, kuma shiru yake tafiya. Kusan 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu cutar hantarsu takan kai ga ƙandarewa. Kada ku jira sai ido ya yi ɗorawa, domin ƙaiƙayi yana iya riga shawara zuwa. Ku lura da fitsari in ya yi duhu, da ciki in ya kumbura, da shatin jini a fata ba tare da an buge ba, da haɓo mai yawan dawowa. Kashi kuwa yana ruɗarwa. Mai matsalar matsarmama kashinsa yakan yi fari-fari, amma yaro mai wannan cuta dama kashinsa kan yi haske da maiƙo idan maganin narkar da abinci bai ishe shi ba. Don haka abin da za a gaya wa likita shi ne ko launin ya sauya daga yadda aka saba gani.

A asibiti za a ɗebi jini a duba sinadaran hanta, a taɓa cikin a ji girman hanta da saifa, a yi hoton ciki. Akwai kuma gwajin da ke auna sinadaran matsarmama a cikin jini kai tsaye, wanda ba kullum ake haɗa shi da gwajin shekara-shekara ba. Uwa ko uba suna da damar tambaya: "Likita, an duba na matsarmamar kuwa?" Wannan tambaya ba rashin kunya ba ce. Idan hantar ce, akwai magani. Akwai urso, mai tsinka ruwan matsarmama. Akwai kolestiramin, mai kame sinadaran a hanji, sai dai yana kame bitamin da wasu magunguna tare da su, shi ya sa likita ne zai tsara lokacin shan sa.

Daga nan sai magunguna. Yaro mai sistik faiburosis yana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta fiye da sauran yara nesa ba kusa ba, na sha da na allura da na shaƙa, kuma yawan haɗuwa da magani yana sa jiki ya fara ƙin wasu. Dangin fenisilin sun yi suna a nan, sukan kawo borin jini ko jajayen ƙuraje. Sifurofuloksasin yana sa fata ta kasa jure rana. Fulukuloksasilin, wanda aka daɗe ana ba ƙananan yara masu cutar a Birtaniya don kare huhu, da kuma Augmentin, suna iya tare ruwan matsarmama, ko da yake ba kasafai ba. Abin lura shi ne hakan yana iya bayyana makonni bayan an gama shan maganin. To idan likita ya tambayi abin da yaro ya sha, a haɗa har da na watanni biyu da suka wuce.

Sai sabbin magungunan da ke gyara aikin CFTR ɗin kansa. Trikafta, wanda a Turai ake kira Kaftrio, ya samu izini a Amurka a 2019, kuma a 2023 aka faɗaɗa shi ga yara daga shekara biyu. Ya sauya rayuwar iyalai da yawa. Amma ƙurji mai ƙaiƙayi yana cikin illolinsa da aka sani, musamman a makonnin farko, kuma yana iya taɓa hanta, shi ya sa ake gwajin jini a kai a kai ga masu shan sa. Roƙona a nan: kada a tsayar da shi ko wani magani a gida saboda susa. A kira masu kula da yaron. Wani lokaci rage adadi ko dakatawa ta ɗan lokaci da sanin likita ya isa. Amma idan leɓe ko fuska sun kumbura, ko numfashi ya sauya, ko ƙurji ya zo da zazzaɓi, ko fata ta fara salewa, ko gyambo ya fito a baki da ido, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti nan take.

Yanzu gumi. Gwajin da ake tabbatar da cutar da shi ma na gumi ne: idan sinadarin kulorayid, wani ɓangare na gishiri, ya kai 60 ko fiye a ma'aunin gwajin, ana ɗaukarsa shaida, alhali na mai lafiya yana ƙasa da 30. Iyaye da yawa sun fara jin gishirin ne a bakinsu sa'ad da suka sumbaci goshin jariri. Idan yaro ya yi wasa a rana gumin ya bushe, za ku ga farin gari a gefen gashi, da bayan wuya, da lanƙwasar gwiwa. Wannan gishiri yana cin fata. Maganinsa mai sauƙi ne, a ɗauraye jiki da ruwa bayan wasa, a shafa mai tun fata na da danshi, a sa tufafin auduga. Kada kuma a rage gishirin da likita ya ce a ƙara wa yaron a abinci. Yana zubar da shi ne ta fata, kuma a lokacin zafi rashinsa yana iya kwantar da shi.

Akwai wani abu da ya kamata ku gwada dubawa lokacin wanka. Da yawa daga masu cutar, minti biyu ko uku da sa hannu a ruwa sai tafin ya yamutse ya yi fari, kamar hannun wadda ta wuni tana wanki, wani lokaci da ƙananan ƙulli-ƙulli, da ƙaiƙayi ko zugi. Idan hannun ya bushe sai ya koma daidai. Ba shi da haɗari, amma yaro ƙarami ba zai iya cewa ruwa ne ya jawo ba, kuka kawai zai yi. A gajarta wanka, a ɗauki hoton hannun a nuna a asibiti.

Abinci ma yana da hannu. Kusan 85 cikin ɗari na masu cutar fankiriyas ɗinsu ba ya aiki yadda ya kamata, sai da maganin narkar da abinci irin su Creon a kowane ci. Idan adadin bai isa ba, maiƙo ya wuce ta kashi, tare da bitamin A, D, E da K, sinadarin zink ma ya yi ƙasa. Fata ta bushe ta yi ɓawo, jarirai kuma ƙurji ya fito musu a wurin kunzugu da gefen baki. Maganin narkar da abincin kansa idan ƙwayoyinsa suka maƙale a leɓe, ko suka fito a kashi suka zauna a kan fata, suna cin wurin. A goge baki bayan an ba shi, a shafa basilin a mazaunai kafin a ɗaura kunzugu.

Kuma kada sunan babbar cuta ya rufe ido daga abin da ke kama kowane yaro. Ƙazwa tana tsananta da dare, tana kama tsakanin yatsu da wuyan hannu, kuma za ku tarar wani a gidan ma yana susa. Ƙananan fararen tsutsotsi suna sa susar dubura cikin dare, ana ganinsu in an haska wurin bayan yaro ya yi barci. Ga kwarkwata, ga bushewar fata ta sanyi, ga ƙarancin jini. Yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma yana buɗe ƙofa ga farin fungus a baki da matsematsi.

Kafin ranar ganin likita, ku yi mako guda kuna rubutawa: ƙarfe nawa susar ke tashi, wane sashe na jiki, ƙurji ne ya riga susa ko susa ce ta bar tabo, me ya faru kafin nan, wanka ne ko wasa a rana ko shan magani. Ku ɗauki bidiyon yaron yana susa da dare, domin a ɗakin likita da rana sau da yawa lafiya lau zai zauna. Ku tafi da kwalin duk abin da yake sha, har na gargajiya in akwai, kuma kada a ƙara masa wani jiƙo kafin a san halin da hantarsa ke ciki. Ku yanke masa farce, ku sanyaya ɗakin kwana gwargwadon hali, ku tambaya kafin ku ba shi maganin ƙaiƙayi mai sa barci, saboda wasunsu suna busar da majina. Idan an yi gwaji an ce komai lafiya amma susar ba ta tsaya ba, ku koma, ku nemi a haɗa ku da likitan fata da likitan hanta na yara, a sake gwajin jinin bayan 'yan makonni.