Bishiyar da ke yin fure sau ɗaya ta mutu

Jama'a, ku ji labarin wata bishiya mai kama da giginya. Wanda ya taɓa cin muruci, ko ya ɗaga kai ya ga azara a rufin tsofaffin ɗakunan cikin birnin Kano, in ya gan ta zai rantse giginya ce. Dangi ɗaya suke dai, amma wannan ba a ƙasarmu take ba. Tana can tsibirin Madagaska, a yankin Analalava, arewa maso yammacin ƙasar.

Sunanta Tahina spectabilis, kuma sai a 2008 masana suka sanar da ita ga duniya. Wani Bafaranshe mai kula da gonar kashu ne ya ci karo da ita yana yawo da iyalinsa. Hotunan da ya ɗauka suka kai ga masanan lambun Kew da ke Ingila, suka duba suka ga ba a taɓa rubuta irinta ba. Abin mamaki, ba ƙaramar aba ba ce da za ta ɓuya. Tsawonta kan kai mita 18, ganye guda faɗinsa mita 5, ya isa ya rufe ɗan ƙaramin ɗaki. Har a Google Earth, manhajar da ke nuna hotunan ƙasa daga sama, ana hango ta.

To, ga inda labarin yake. Giginyarmu tana ta haihuwa shekara da shekaru. Ita kuwa wannan sai ta kwashe gomman shekaru ba ta yi fure ko ɗaya ba. Ranar da ta tashi, sai wani ƙaton tsiro ya ɓullo daga tsakiyar kanta, ya cika da furanni, kwari da tsuntsaye su yi ta dandazo. Ta zuba dukkan ƙarfinta a 'ya'yan, cikin 'yan watanni ta bushe ta faɗi.

Shi ya sa kowace guda take da daraja. A ƙidayar farko ba su kai ɗari ba, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sa ta cikin jerin masu gab da ƙarewa. Wutar daji da ake kunnawa don sabuwar ciyawar dabbobi tana cikin manyan maƙiyanta, abin da mu ma ba baƙonmu ba ne da rani. Wuta ɗaya ta ci bishiyar da ba ta kai ga fure ba, an yi asarar 'ya'yan da ba a haifa ba. A 2012 IUCN ta ce kashi 83 cikin ɗari na ire-iren bishiyoyi dangin giginya a Madagaska suna cikin haɗari.

Yanzu mutanen ƙauyen da ke kusa ne ke gadinta. An tara 'ya'yanta aka raba wa lambunan bincike a ƙasashe daban-daban, wasu aka sayar wa masu sha'awar shuka, kuɗin ya koma ƙauyen.