Daga "annoyed" zuwa "berserk": yadda Bature yake auna fushi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka daga nan Ingila. Ruwa ake yi tun asuba, shi ya sa kuka ga na kafa kyamara a bakin taga. Yau maganar fushi za mu yi, domin kalmominsa a Turanci hawa-hawa ne, kuma wanda ya ɗauko babba a inda ƙarama ta isa yana iya jawo wa kansa ko wani fitinar da ba a shirya mata ba.

Na ƙasa ba su da wuya. "Annoyed" ɓacin rai ne kaɗan, irin na wanda bas ta wuce ta bar shi. "Angry" fushi ne sosai. "Furious" da "livid" kuwa an harzuƙa, amma har yanzu mutum yana riƙe da kansa, bai taɓa kowa ba.

Daga nan sai waɗanda ke nuna linzami ya tsinke. Wadda na fi so ita ce "fly off the handle", saboda duk wanda ya taɓa faskare ya san hoton: ka ɗaga gatari, ƙarfen ya kwance ya bar ƙota a hannunka, ba ka san inda zai faɗa ba. Haka suke kwatanta mutumin da abu kaɗan ke sa shi hawa dokin zuciya. "See red" ita ce tamu ta idonsa ya rufe. "He snapped" kuma ana faɗinta ne ga wanda ya daɗe yana haɗiye abu, rana ɗaya haƙurin ya ƙare. A titin Ingila za ku yawaita jin "it kicked off", wato rigima ta kaure.

To, ku saurara da kyau, a nan nauyin yake. "Berserk" ta fito ne daga harshen tsoffin mutanen arewacin Turai, yankin Norway da Iceland na yanzu. Suna ne na wasu mayaƙa da ake cewa in sun shiga fagen daga hankalinsu kan gushe, su yi ta sara ba sa jin ciwo. Masana da yawa suna fassara kalmar da rigar fatar beyar, wannan ƙatuwar dabbar dajin ƙasashen sanyi. Ana haɗa ta da "go": "he went berserk". A hira tsakanin abokai ana yin ƙari da ita, a ce uba ya yi "berserk" da ya ga kuɗin wuta, alhali faɗa kawai ya yi. A gaban ɗan sanda kuwa, abin da zai ji shi ne mutum yana farfasa kaya ko yana kai duka.

"Amok" daga harshen Malay take, kuma asalinta mutum ne da zai zaro makami ya afka wa duk wanda ya tarar. Kan mai uwa da wabi ke nan, ba ragi ba ƙari. Da "run" take tafiya: "ran amok". Kuskuren da ake yawan yi shi ne musanya su, a ce "run berserk" ko "go amok". Za a gane ka, amma kunnen mai harshen zai ji ta wani iri. Ita ma ta yi laushi, har yara masu guje-guje a falo ana cewa suna "running amok". "On the rampage" ta fi dacewa da taro, ko dabbar da ta ƙwace tana ɓarna.

Akwai ɗaya da nake roƙonku ku bar wa masu ita: "going postal". Ta Amurka ce, ta samo asali daga harbe-harben da wasu ma'aikatan gidan waya suka yi a wuraren aikinsu, mafi shahara na garin Edmond a jihar Oklahoma a 1986, inda ma'aikaci ɗaya ya kashe abokan aikinsa 14. Wanda ya furta ta a wurin aiki, ko da wasa, ana iya ɗaukarta a matsayin barazana.

Sai tarkon da ke tsakanin Turancin ƙasashen biyu. Ba'amurke in ya ce "he's mad", fushi yake nufi. Mutumin Ingila yakan ji mahaukaci. "Pissed" a Amurka fushi ce, a Ingila buguwa da giya, sai an ƙara mata "off" take zama fushi, kuma ba kalmar gaban manya ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne namu salon da muke juyawa kai tsaye. Uwa a gida takan ce wa yaro "sai na kashe ka yau", kowa ya san ko kunnensa ba lallai ta ja ba. In aka faɗi wannan da Turanci a bakin makaranta ko gaban maƙwabta, wata magana ce daban. Dokar Ingila ta 1861 kan laifukan cutar da mutum ta sa barazanar kisa, in an yi ta da nufin a tsorata wanda aka yi wa, cikin laifukan da hukuncinsu kan kai ɗaurin shekara 10. Ko ba a je kotu ba, malamin makaranta da ya ji yaro ya maimaita ta yana iya kai rahoto.

In kuma ku ne kuke kai ƙara, lambar wayar 999 ta gaggawa ce, 101 ta 'yan sanda ce kan abin da ba na gaggawa ba. Ku ajiye manyan kalmomin nan, ku faɗi abin da ido ya gani: yana ihu ne, ya jefi ƙofa da kujera, akwai wuƙa a hannunsa ko babu, mutum nawa ne a ɗakin, akwai yara a ciki. Mai ɗaukar kiran da wannan yake yanke shawarar irin taimakon da zai turo da kuma saurinsa.