Sharhi: Wutar da ake biya ba a mora ba a shagunan Katsina

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan wutar lantarki ne, amma ba kukan ɗauke wuta da muka saba yi ba. Yau zancen na wadda aka kawo ne, da yadda take zirarewa a shaguna da ofisoshi da manyan gine-ginen kasuwanci na birnin Katsina, masu su na kallo.

Da can ba a damu ba, don wuta na da araha, mai ma haka. Wannan zamani ya wuce. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta taɓa 1,000. A Afrilun 2024 kuma hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, kafin a ɗan sassauta. Ko daga layin kamfanin raba wuta na KEDCO ɗan kasuwa ke jan wuta, ko daga janareta, aljihunsa ne ke ji a jika.

Kwanaki, cikin zafin bazara, na shiga wani rukunin shaguna don gyaran waya. Esi na ta aiki an ƙure ta a kan 16, ƙofar gilashi kuwa a buɗe hanhai, an tare ta da bulo don masu wucewa su san an buɗe. Ƙwayayen lantarki shida na ci da rana tsaka. Na ce wa yaron shagon, "Samari, wannan ai titi kuke sanyayawa." Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ai raba daidai muke yi. Ko na kashe, kuɗin ɗaya ne."

To, a nan gizo ke saƙa. Mita ɗaya ce a ginin gaba ɗaya, ƙarshen wata a kasa kuɗin daidai wa daida a kan kowane shago. Can ƙarshen layi akwai wani dattijo tela, fanka ɗaya gare shi da ƙwai ɗaya da keken ɗinki na ƙafa. Kusa da shi mai sayar da lemo da ruwan leda, firiza uku ba dare ba rana. Abin da wannan zai biya shi wancan zai biya. Na tambayi dattijon, "Baba, kai ba ka magana?" Ya ce, "Ɗan nan, zaman tare ne." Haƙurinsa abin yabo ne, amma tsarin zalunci ne, kuma shi ke koya wa kowa almubazzaranci. Ƙaramar mita a bakin kowane shago, wadda mai gini zai iya sa mai gyaran wuta ya ɗaura, ita ce farkon magani. Ranar da mutum ya ga lambobinsa na gudu shi kaɗai, ba sai an yi masa wa'azi ba zai rufe ƙofa.

Mu ɗan yi lissafi. Tsohon ƙwan nan mai zafi wat 60 yake sha, na zamani da ake kira LED kuwa wat 9 ya isa ya ba da haske kamar nasa. Ƙwai 20 na tsohon yayi, in suka yi awa 10, sun cinye yunit 12. Na zamani ba za su kai yunit 2 ba. Wato tsofaffin ƙwayayen nan 20 kusan daidai suke da esi ɗaya mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, ga shi kuma suna ƙara wa ɗaki zafin da esin za ta yi fama da shi.

Ita esin, sa ta a kan 16 ba ya sa ɗaki saurin yin sanyi, hana injinta hutawa kawai yake yi. A bar ta a 24 ko 25, a haɗa da fanka. Sannan ƙurar hunturu, wadda mu Katsinawa mun san ta, tana toshe ragar da ke cikinta, ta yi ta nishi tana shan wuta ba sanyi. Wanke ragar nan aikin minti goma ne da ruwa. Firiza ma haka: a raba ta da bango, a kau da ita daga rana, a duba robar bakin murfin.

Akwai laifin magina. Yanzu yayi ne a yi wa shago fuska da gilashi tun daga sama har ƙasa, ko da yana kallon yamma, a rufa kwano ba silin kirki, a sare bedin da ke ƙofar don kada ya tare allon talla. Garin da zafinsa ke kai maki 40 a Afrilu! Wanda ya taɓa zama a tsohon zaure na cikin gari, mai kaurin katangar ƙasa da rufin azara, ya san yadda yake da sanyi da azahar ba fanka ba komai. Ba cewa muke a koma gina filaza da tubali ba. Amma rumfa a gaban gilashi, farin fenti a kan rufi, silin mai kauri da inuwar itace, duk mai gini zai iya.

Mutane da yawa yanzu sola suke hanƙoro, kuma rana kam Allah ya hore mana. Sai dai mai haɗa sola da yawan kayan da kake kunnawa yake auna faifai da batir. Wanda ya kira shi alhali tsofaffin ƙwayaye da tsohuwar esi na nan, batir ɗin ɓarnarsa zai saya da tsada.

Ga abin da muke roƙon kowane mai shago da ke da mitarsa shi kaɗai ya gwada a daren yau. In za a rufe, a rubuta lambar da ke kan mita. Gobe da safe, kafin a kunna komai, a sake dubawa. Bambancin da aka gani, shi ne abin da shagon ya sha kuna barci, sai a bi soket ɗaya bayan ɗaya a gano mai shan.