Me ke cikin jakar malamin tuƙin jirgi?

Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Na baya kuna jina ko? To madalla. Abu biyar na ce zan kawo cikin kayan da malamin tuƙin jirgi ke riƙewa a ranar aiki, ga jakar ma na zo da ita, wannan da kuke gani da ita nake shiga jirgi kullum.

Na farko takardu, lasisi da takardar likita, in kuma da tabarau kake gani to ka jefa na biyu a jaka. Wannan kowa ya sani ba sai na tsaya ba.

Na biyu hedset, wato abin sawa a kunne mai haɗe da makirufo, nan kam zan daɗe sai kun yi haƙuri da ni. Ɗalibi zai zo ya yi awa ɗaya ya kama gabansa, kai malami fa? Kana sauka da wannan wani na tsaye yana jiranka, sawu huɗu sawu biyar a yini, inji na ta ruri a gabanka. Ƙarar da ke cikin ƙaramin jirgi irin Cessna 172 ta wuce desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma daga 85 ɗin nan kunne ke fara lalacewa in an daɗe ana sha, jin da ya tafi kuma baya dawowa jama'a, wallahi baya dawowa. Hedset ɗin iri biyu ne. Akwai mai toshe ƙara ta hanyar matse kunne kawai, irin koren nan na David Clark, ba ruwansa da batir ga ƙarko, sai dai in ya daɗe a kanka za ka ji kamar an ɗaure maka kai da igiya. Akwai kuma mai kashe ƙara da lantarki kamar Bose A20, shi sauraron rurin injin yake sai ya fitar da kishiyar sautin su kashe juna, batir AA biyu yake ci. To ranar da batir ɗin ya mutu kuna sama rurin zai dawo maka, hasumiyar da ke ba jirage umarni na magana, ɗalibi na tambaya, ga titin sauka na matsowa. Shi ya sa nawa batiran a aljihun riga suke zama, don jaka tana kujerar baya kuma ka ɗaure bel hannunka ba zai kai ba. A aljihun riga, ku rubuta wannan. Makirufo kuma ka matso da shi dab da leɓe, in ya yi nisa rabin maganarka ɗalibi zai ji, shi kuma kunya ba za ta bar shi ya ce ka maimaita ba sai ya gyaɗa kai kawai.

Na uku, ko na huɗu muke? To ko na nawa ne, kofin gwajin mai, wanda ake tsiyayo man jirgi a ciki a duba ko akwai ruwa. Man jirgin nan da ake kira 100LL shuɗi ne, ruwa ya fi shi nauyi sai ka gan shi ya kwanta a gindin kofin, ka ɗaga ka duba da idonka ko da ɗalibi ya ce ya duba. Sai tocila mai jan haske, don ido na ɗaukar kusan minti 30 kafin ya saba da duhu, farin haske sau ɗaya ya rushe maka shi. Allon rubutu da ake ɗaurawa a cinya, fensir, biro biyu saboda ɗalibi in ya ara biro ya zama nasa (dariya). Ledar amai a inda hannu zai kai, ruwan sha, lokaci na tafiya.

Na'am malama, ɗan ɗaga murya. Tana cewa tunda akwai iPad me za a yi da taswirar takarda. Yauwa. Kin ga iPad in rana ta buge shi ta gilashin jirgi zafi yake ɗauka ya kashe kansa, sai ya huce zai dawo. Ni da kaina nake kife shi a cinyar ɗalibi in miƙa masa taswira in ce nuna min inda muke, wasu sai su yi tsuru-tsuru. Haka rediyo, ina da ƙaramin na hannu a jakar nan, in na jirgi ya ɗauke sai ka sa lamba 7600 a tiransfonda, wato na'urar da ke aika lambar jirgi zuwa ƙasa, hasumiya ta san ba ka ji, ka ciro na hannun ka neme su. Bari ma in fito da shi a zagaya da shi ku gani, a dawo min da shi fa.