Kafin ka sayi fili a bakin teku: lacca kan ƙauyen Fuveme

Wannan laccar an yi ta ne a wani zaman matasan zango, na saurari rikodin na rubuto, inda aka yi surutu da yawa na tsallake. In kun ga Ankara to ta Gana ake nufi ba ta Turkiyya ba.

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, alhazai da hajiyoyi, ƴan uwa matasa, barkanmu da yamma. Abin da ya sa na zaɓi wannan magana, kwanaki wani ƙanena ya turo min hoto a WhatsApp, wai fili ne a bakin teku, ga farin yashi ga bishiyoyin kwakwa, dillali ya ce masa kuɗin fuloti ɗaya a Ankara zai saya masa nan da yawa har ya gina masaukin baƙi. Na ce masa ka tambayi dillalin shekara ashirin baya ina ruwan yake? Ya ce bai tambaya ba. To shi ne zan ba ku labarin ƙauye ɗaya, Fuveme.

Fuveme ƙauyen masunta ne a yankin Volta na Gana, gundumar Anloga, daf da inda kogin Volta ke zuba a teku. Mutanen wurin Anlo ne, ɓangaren ƙabilar Ewe. Ƙauyen yana zaune kan wani siririn tudun yashi, gabanka teku bayanka kogi, ba dutse ba tsauni, yashi ne zalla. Maza su fita da kwale-kwale ko su ja koma daga gaɓa, wannan jan komar kuwa sai ka gani da idonka, mutane rututu sun kama igiya suna waƙa suna ja har tsawon awanni, mata kuma su karɓi kifin su yi banda su kai kasuwa. Akwai ƙananan kifin nan da suke shanyawa a rana, wanda ƴan Gana ke wa laƙabi da ƴan makarantar Keta saboda yawansu, Keta kuwa gari ne a wannan gaɓa. Can gefen Anloga kuma noman ƙananan albasa ake yi a kan yashi, da taki da ban ruwa daga ƴan rijiyoyi marasa zurfi, mutumin Sakkwato ko na Galmi in ya ga wannan noma sai ya riƙe baki. Kusa da nan akwai Anyanui, inda ake cin kasuwa ranar Laraba, ana kawo itacen nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, da shi ake bandar kifi.

To wannan ƙauye yau mafi yawansa yana ƙarƙashin ruwa. Gidaje sun tafi, makaranta ta tafi, gonakin kwakwa sun tafi, mutane suka kwashe suka koma gaba kaɗan suka sake kafa bukkoki da ganyen kwakwa. Masu bincike na Jami'ar Gana ƙarƙashin Farfesa Kwasi Appeaning Addo sun riƙa ɗaukar hoton wurin daga sama da ɗan jirgin nan mara matuƙi, suka gano tsakanin 2005 da 2017 kashi 37 cikin ɗari na ƙasar gaɓar wurin ya salwanta. Shekara goma sha biyu fa, yaron da aka sa a firamare lokacin yake gama sakandare kenan.

Wani zai ce ai ikon Allah ne. Ƙwarai ikon Allah ne, amma akwai hannun mutum a ciki, kuma nan nake so ku natsu. Wannan gaɓa tun asali kogi ne yake ciyar da ita. Volta ya kwaso yashi da laka tun daga arewa ya zo ya zube a bakin teku, igiyar ruwa ta riƙa tura shi gabas, abin da teku ya ci da dare kogi ya mayar da rana, a haka aka zauna ɗaruruwan shekaru. Da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965, aka ƙara da na Kpong a 1982, yashin sai ya riƙa kwanciya a bayan dam, ya daina isowa. Kamar rumbu ne da ake ɗiba kullum ba a zubawa. Wutar da muke kunnawa a Kumasi da Ankara ke nan, su can suna biyan kuɗinta da ƙasar kakanninsu. Ga masu kwasar yashin gini da tifa, ga saran itatuwan da ke riƙe ƙasa, ga ruwan tekun kansa da ke ƙara hawa saboda ɗumamar yanayi.

Gwamnati ta yi ƙoƙari a Keta, an jibge manyan duwatsu an yi katangar kare gaɓa, aikin da aka kammala a 2004 kan sama da dala miliyan 80. Ya ceci garin, wannan gaskiya ne. Amma in ka tare yashi a nan, wanda ke gabas da kai ka hana shi rabonsa, sai cin ya koma can. A Nuwamban 2021 ruwa ya hau da dare ya raba dubban mutane da gidajensu a Keta da Anloga da Ketu ta Kudu, ƙauyuka irin su Agavedzi da Salakope suka sha wuya.

Yanzu maganar fili, wadda na san ita ta tara ku (dariya). A wannan yanki ƙasa ta dangi ce, ba ta mutum ɗaya ba. Wanda ya kai ka ya nuna ma da yatsa, ko da a gidan aka haife shi, ba shi da ikon sayarwa sai shugaban dangi tare da manyan gidan sun sa hannu, in ba haka ba gobe wani kawu ya dawo daga Lome ya ce bai san zancen ba, kai da kotu. Sai ka je hukumar filaye an bincika ko an taɓa sayar wa wani, ka kawo safiyo naka ba na dillali ba. Baƙinmu na Najeriya da Nijar da ke zaune nan ku ji da kyau, tsarin mulkin 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili na dindindin, haya ce kuma ba ta wuce shekara 50. Kuma ko takardunka sun cika cif, takarda ba ta tare igiyar ruwa Alhaji, za ka riƙe ta a jaka filin yana can kifi na yawo a kai. Ni a ganina wanda ya nace sai ya yi sana'a a can, ya karɓi hayar ƴan shekaru ya yi rumfunan katako da zai iya ciccirewa, kar ya zuba siminti.

Zuwa yawon buɗe ido kuwa, wannan ina ce muku ku je. Daga Ankara ka bi ta Tema, ka haye gadar Sogakope, ka karya a Dabala, wajen awa uku kana Anloga ko Keta. Mai tahowa daga Legas ta Aflao zai shigo, ɗan ECOWAS ba ya buƙatar biza amma ya riƙe katin rigakafin shawara. A Keta akwai ganuwar Prinzenstein da Turawan Denmak suka gina a 1784 aka tsare bayi a ciki, ita ma teku ya rushe wani sashe, akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa a Woe, sannan Asabar ta farko a Nuwamba ake bikin gargajiyar Anlo mai suna Hogbetsotso a Anloga. Daga Anyanui ake shiga kwale-kwale zuwa wajen Fuveme. Ku nemi rigar kariya daga nutsewa kafin ku hau, kuma ɗan arewan da ya koyi iyo a kududdufi dan Allah kar ya gwada kansa da wannan teku, jan ruwansa ba wasa ba ne. Ku nemi izini kafin ku ɗauki mutane hoto, gidajensu ne suka rasa.

Na ga ladan ya miƙe. Mai tambaya ya riƙe ta, bayan magariba sai mu ɗauki guda uku ko huɗu.