Ranar da manhajar tsaro ta ƙi tashi a kwamfutar gidanmu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kallo. Ina yi muku magana daga birnin Hambug na ƙasar Jamus, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, amma gari ya riga ya yi duhu kamar yadda yake yi a nan cikin watan Disamba. Wannan ƙaramar kwamfuta da kuke gani a ƙarƙashin teburi ita ce rumbun da muke ajiye takardun gida da hotunan yara. Tana aiki da Ubuntu, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, manhajar da ke gadinta daga ƙwayoyin cutar kwamfuta kuwa ita ce ClamAV, wadda ake samu kyauta, kuma take hannun kamfanin Cisco tun shekarar 2013.

Shekaranjiya na gano cewa mai gadin nan ya kwana uku ba ya bakin aiki, kuma babu wata alama da ta nuna haka, domin kwamfutar tana ta karɓar fayiloli kamar kullum. Wannan shirun shi ya fi tayar mini da hankali.

Abin da zuciya take fara raya wa mutum shi ne ya cire manhajar ya sake girka ta. Don Allah kada ku yi gaggawar haka. A Ubuntu da 'yar'uwarta Debian, umarnin apt remove yana cire manhajar ne kawai, ya bar fayilolin saitinta a inda suke, saboda haka idan ka sake girkawa, za ta koma ta karanta gurɓataccen fayil ɗin nan, ta sake faɗuwa a wuri guda.

Na fara da tambayar ta abin da ke damunta. Na rubuta systemctl status clamav-daemon, umarnin da ke nuna halin da ClamAV take ciki, sai ga jan rubutu yana nuna ta gaza tashi. Daga nan na buɗe kundin bayanan aikinta da journalctl -u clamav-daemon, inda ta faɗa ƙarara cewa ta kasa karanta fayil ɗin saitinta, wato /etc/clamav/clamd.conf, har da lambar layin da ta yi tuntuɓe a kansa. Bari in matso da kyamara ku gani. A layin ƙarshe na fayil ɗin ya kamata a ga MaxDirectoryRecursion, wato iyakar zurfin da za ta kutsa cikin jakunkuna, amma kalmar ta yanke a tsakiya, kuma duk abin da ke bayanta ya ɓace. Da na duba sarari da df -h, sai na ga faifan ajiya na kwamfutar ya cika dam. Na gyara saitin ne a daren da nake juye bidiyoyi, wuri ya ƙare yayin da ake adana fayil ɗin, aka rubuta rabinsa kawai.

Saboda haka sai da na fara samar da wuri a faifan, domin gyara a kan faifan da ya cika ɗebe ruwa ne da kwando. Sannan na kwafi gurɓataccen fayil ɗin na ajiye shi gefe da wani suna, kasancewar rabin da ya tsira yana ɗauke da zaɓuɓɓukan da na sha wahala kafin na daidaita. Bayan haka na kawar da shi daga wurinsa, na rubuta sudo dpkg-reconfigure clamav-daemon, na amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya har aka samar da sabon fayil. Wanda ya ɗauko samfurin saitin da ke zuwa tare da manhajar kuwa, ya tuna akwai layi mai kalmar Example kusa da sama, wanda dole a goge shi ko a sa masa alamar # a gaba, in ba haka ba ba za ta tashi ba.

Da na sake tayar da ita, ta ɗan ɗauki lokaci, domin sai ta loda sa-hannun ƙwayoyin cuta, wato alamomin da take gane su da su, daga /var/lib/clamav, aikin da ke cin fiye da gigabait 1 na ƙwaƙwalwa. Ganin koren rubutu mai nuna ta tashi bai ishe ni ba. Na ɗauko fayil ɗin gwaji na EICAR, rubutu ne mai haruffa 68 marar cutarwa wanda manhajojin tsaro suka amince su ɗauke shi tamkar cuta, na miƙa mata shi ta umarnin bincike na clamdscan, nan take ta cafke shi. Yanzu ga kwafin sabon clamd.conf a wannan filashin da ke hannuna, zan sa shi cikin aljihun teburi tare da fasfo ɗinmu.