Sharhi: Kaka mai makullin majami'a

Jama'a masu sauraronmu, barkanku da warhaka. Sharhinmu na yau a kan wata tsohuwa ne da aka yi jana'izarta makon jiya a nan birnin Yamai. Ba ta taɓa riƙe wani muƙami ba, kuma ba a taɓa jin muryarta a gidan rediyo ba, amma ranar da aka kai ta makwancinta layin gidansu a unguwar Bukoki ya cika maƙil, har masu kabu-kabu suka riƙa sauya hanya. Iyalinta sun roƙi a sakaya sunanta, don haka za mu kira ta yadda babba da yaro suke kiranta a unguwar, wato Kaka.

A ƙasar Adar aka haife ta, a wani ƙauye kusa da Galmi, tun kafin Nijar ta sami 'yancin kai a 1960. A asibitin da 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) suka buɗe a Galmi a 1950 ne ta fara jin ana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, lokacin da take jinyar mahaifiyarta. Farin 1973 zuwa 1974, wanda ya cinye dabbobi ya bar rumbuna wayam, shi ya koro ta da maigidanta zuwa Yamai, kuma a nan ne ta shiga ikilisiyar Baptis. An yi mata baftisma tana uwar 'ya'ya, domin 'yan Baptis ba sa yi wa jarirai, sai mutum ya mallaki hankalinsa ya furta bangaskiyarsa da bakinsa kafin a nitsar da shi cikin ruwa.

Wanda bai san tsarin 'yan Baptis ba, da wuya ya gane nauyin da wannan baiwar Allah ta ɗauka. A wurinsu kowace ikilisiya ita ke tafiyar da kanta: mambobi ne suke zama su zaɓi fasto, su ne suke yanke yadda za a kashe baiko da zakka, kuma babu wani bishop a sama da zai ba da umarni. A ƙasar da Kirista ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, wannan yana nufin duk aikin da mamba bai tashi ya yi ba, haka zai kwana. Kaka ta gane wannan tun da wuri. Kowace Asabar da la'asar ita ke buɗe majami'a, ta share, ta goge ƙurar hunturu daga kan bencina, a lokacin bazara kuma, sa'ad da zafin Afrilu yake haura digiri 40, ta cika randuna da ruwa tun da dare domin ya yi sanyi kafin sujadar safe. Makullin yana ɗaure a gefen zanenta shekara da shekaru, kuma ba ta taɓa karɓar ko dala a kan wannan hidima ba. Da ƙosan da take soyawa a ƙofar gida ta ciyar da jikokinta, daga ribarsa kuma take cire zakkarta.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne makarantar Lahadi. Sai da ta girma ta koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, har ta rasu kuma da yatsa take bin layi, tana karantawa a hankali. Duk da haka yaran da suka zauna a gabanta, masu jin Hausa da masu jin Zabarmanci da Gurmanci, a bakinta suka haddace ayoyinsu na fari, wasunsu kuwa yanzu malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya. A Zumuntar Mata ta ikilisiya ita ce ta san wadda ta haihu, da wadda mijinta ya rasa aiki, da wadda take kwance a asibiti babu mai kai mata kunu.

'Yan'uwanta na Adar Musulmi ne, haka ma maƙwabtanta, kuma zumunci bai taɓa yankewa ba. Da azumi takan dama kunun tsamiya ta aika gida-gida kafin shan ruwa, da layya kuma nama ya riƙa shigowa gidanta, ran Kirsimeti ita ma ta rama da shinkafa. An ga amfanin wannan zama ranar 17 ga Janairun 2015, lokacin da masu zanga-zanga suka ƙona majami'u da dama a Yamai, kwana ɗaya bayan an yi irin haka a Damagaram, aka kuma yi asarar rayuka a biranen biyu. Maƙwabtanta Musulmi ne suka shigar da ita da jikokinta cikin ɗaki har ƙura ta lafa. Bayan kwana biyu ta ɗauki tsintsiyarta ta je majami'a ta fara share toka, ta kuma hana jikokinta ɗora laifin wasu a kan unguwa duka, tana tuna musu a gidan wa suka kwana a wannan dare.

Akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa ko da ba ta da daɗin ji. Mun iya karrama masu wa'azi da mawaƙa, amma Kaka ta yi shekaru tana takawa da ƙafa zuwa majami'a da ciwon gwiwa kafin wani ya yi tunanin ɗauko ta a babur. Yabon da aka zuba mata a zaman makoki ya dace da ita, sai dai da ma ta ji rabinsa da kunnenta.

A wurin jana'izar fasto ya karanta 2 Timoti 1:5, inda Manzo Bulus yake tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama ne a zuciyar kakarsa Loyis. Limamin masallacin layinsu ya zo ta'aziyya tare da dattawan unguwa, suka zauna a tabarma ɗaya da dattawan ikilisiya har faɗuwar rana. Makullin majami'ar yanzu yana hannun babbar jikarta, kuma an sa ranar Lahadi mai zuwa, bayan sujada, mambobi su zauna su raba ayyukan da Kaka take yi ita kaɗai. Allah ya ba iyalinta haƙurin rashi.